Garin Neman Gira: Fitilun Hazo A Ƙananan Motocin Durumi

Duk wanda sammako ya taɓa kamawa a unguwar Durumi ta Abuja cikin watan Disamba ko Janairu ya san yadda gari yake kasancewa kafin rana ta fito. Hazo ya sauko ya lulluɓe komai, ƙurar hanyoyin cikin unguwa ta taso ta haɗu da shi, har mutum ba ya shaida mai tahowa sai ya zo dab da shi. A daidai wannan lokaci ne ƙananan motocin ɗaukar kaya, watau 'yan a-kori-kura da ƙananan bas-bas da aka cire wa kujeru, suke fitowa neman abinci. Wannan ya ɗauko burodi, wancan ruwan leda, wani kuwa ya nufi Zuba ko Dei-Dei domin ya riga 'yan'uwansa samun lodi.

Abin da zai fara ɗaukar hankalin mai kallo shi ne fitilun da aka jera wa waɗannan motoci. Wata an ɗaura mata biyu masu ruwan ɗorawa a kan bamba, wata huɗu, wata kuma an shimfiɗa mata doguwar sanda mai ƙananan ƙwayaye farare fat a bisa gilashin gaba, in ta doso sai ka ce filin ƙwallo ne ya taso yana tafiya. Mai motar yana ganin ya yi maganin duhu. Wanda ke tahowa daga ɗaya hannun kuwa, ko mai tafiya a ƙasa da tulu ko tire a ka, shi ya san abin da idonsa ya gamu da shi.

Ba a ga laifin direban ba da ya nemi ƙarin haske. Durumi wuri ne mai fuska biyu. Tana maƙwabtaka da Garki Area 1 da Gudu, kuma a gefe guda ga manyan gine-gine da titunan kwalta, a ɗaya gefen ga tsofaffin ƙauyukan Gbagyi da birnin ya zo ya tarar, ga kuma wurin da mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Gwoza da wasu garuruwan Borno suka kafa sansani a 2014. Hanyoyin cikin waɗannan wurare ramuka ne da kwatami da kwana-kwana, jama'a kuwa a ƙasa suke tafiya, manya da yara. Cikin minti kaɗan direba zai bar irin wannan hanya ya hau babban titin Nnamdi Azikiwe inda motoci ke sheƙa gudu. Mutumin da jarinsa duka mota ɗaya ce, wadda watakila ma bashi ce bai gama biya ba, tilas ya so ganin gabansa. Tambayar ita ce ko abin da yake sayowa a kasuwar Gudu ko wajen makanikan Apo yana ba shi ganin da yake nema.

Ciwon yana cikin fitilar asali

Kafin a zo kan fitilar ƙari, ya kamata a tambaya me ya sa ta asalin ta gaza. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan motoci, irin su Suzuki Every da Daihatsu Hijet masu inji 660 cc, an ƙera su ne domin titunan Japan, inda ake bin hannun hagu, sitiyari kuma yana dama. Nijeriya ma hannun hagu take bi a da, sai ran 2 ga Afrilu 1972 ta koma hannun dama. Saboda haka idan irin wannan mota ta iso gwanjo sai a kai ta gareji a mai da sitiyari da birki da totur zuwa hagu. Amma sau da yawa ba wanda yake tunawa da manyan fitilun gaba.

Ga inda gizo ke saƙa. Gajeren hasken mota, wanda direbobi ke kira dim, ba a miƙe yake fita daidai wa daida ba. Maƙera sun tsara shi yadda zai yi ƙasa a ɓangaren da motoci ke tahowa, ya ɗan ɗaga sama a ɓangaren bakin hanya, domin direba ya hango allon hanya da mai tafiya a ƙasa ba tare da ya kashe wa ɗan'uwansa ido ba. A Japan bakin hanya yana hagu, don haka can hasken yake ɗagawa. Da aka kawo motar nan aka bar ta da fitilunta, sai abin ya juye: ɓangaren da ya ɗaga yana dukan idon mai tahowa, ɓangaren da ya yi ƙasa kuma ya bar bakin hanya na dama cikin duhu, daidai inda 'yan makaranta da masu talla suke bi. Direba zai yi ta ƙorafin cewa motarsa ba ta da haske, alhali hasken yana nan, wurin da ba a bukatarsa yake zuwa. Wannan ana gane shi cikin minti biyu: a fuskanci bango da dare, a kunna dim, a duba ta wane gefe layin hasken ya hau sama. In ta hagu ne, to fitilar ta wata ƙasa ce, kuma maganinta shi ne a nemo wadda aka yi domin masu bin hannun dama.

Bayan wannan akwai tsufa. Murfin fitilun motocin yanzu roba ce, rana tana dafa ta har ta koma kalar ruwan shayi, hasken ya riƙa maƙalewa a ciki. Wayoyi kuma sun sha yanka da ɗauri lokacin juya sitiyari, wayar da ke komawa jikin mota ta yi tsatsa. Ƙwan fitila irin na halojin ba ya haƙuri da ƙarancin wuta ko kaɗan: idan ƙarfin wutar da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa yakan ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Watau mai mota zai iya dawo da hasken da ya ɓace da goge murfi da kankare tsatsa da sabuwar waya, tun bai sayi komai na ƙari ba. Sai dai mai shago ba zai faɗa masa haka ba, domin kwali yake son ya sayar.

Hazo ba duhu ba ne

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar hazo kamar duhu, wanda in an ƙara masa wuta zai gudu. Hazon hunturu ƙura ce lallausa da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga ƙwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris take rataye a sararin sama. Kowace ƙwayar ƙura idan haske ya dake ta sai ta watsa shi, wani sashe kuma ya dawo wa wanda ya aiko shi. Haka ɗigon ruwa yake yi lokacin da aka kece da ruwan Agusta, ko hazon damina da ke kwanciya a kwaruruka da sassafe.

To, idan fitila tana kusa da tsayin idon direba, ko tana bisa kansa kamar sandar nan ta saman gilashi, sai ta haskaka ƙurar da ke daidai gabansa, ya ga farin bango ya tsaya masa. Ƙara ƙarfin fitilar ƙara kaurin bangon ne. Duk direban da ya taɓa kunna dogon haske cikin hazo mai kauri a hanyar Kaduna ko ta Keffi ya ga wannan da idonsa, ya kuma yi sauri ya koma dim. Abin mamaki, shi ɗin ne dai zai je ya biya kuɗi a ɗaura masa abin da ya fi dogon hasken muni. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Fitilar hazo ta gaskiya dabararta daban ce. Ana sa ta ƙasa-ƙasa, haskenta mai faɗi ne kuma shimfiɗaɗɗe, an datse samansa kamar da wuƙa, domin ya bi ƙasa ya nuna bakin kwalta da rami da kwatami ba tare da ya taso ya haske ƙurar da ke gaban gilashi ba. Ƙa'idojin kera motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda Nijeriya ta shiga yarjejeniyarsu a 2018, sun faɗi wurin zamanta filla-filla. Guda biyu ne, ɗaya kowane gefe. Kada ta yi ƙasa da santimita 25 daga ƙasa, kada kuma ta wuce santimita 80 a ƙaramar mota, kada ta ɗara manyan fitilun tsawo, kuma kada ta yi nesa da gefen mota fiye da santimita 40. Wadda aka gwada aka amince da ita tana ɗauke da harafin E cikin da'ira a jikin gilashinta, tare da B ko F3. Mai saye ya juya ta ya duba, ko da yake masu jabu ma sun iya buga tambari, saboda haka bango ne alƙali na ƙarshe.

Ya kamata kuma a san iyakarta. Fitilar hazo 'yan mitoci kaɗan take haskawa, an yi ta ne domin mai tafiya a hankali. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ƙiyasta cewa motar da ke gudun mil 30 a awa, kimanin kilomita 48, tana bukatar mita 23 kafin ta tsaya, mai gudun mil 50 kuwa, watau kilomita 80, tana bukatar mita 53. Wannan lissafin motar da ke da lafiyayyen birki ne a busasshiyar hanya, ba 'yar a-kori-kura da aka danƙara wa jakunkunan ruwan leda har ta durƙusa ba. Wanda ya sa fitilar hazo don ya ci gaba da gudun da ya saba, ya sayi ƙarfin hali ne kawai. Littafin nan dai ya hana kunna ta sai idan ba a iya hangen abin da ya wuce mita 100, ya kuma ce a kashe da zarar gari ya washe.

Sai maganar launi, wadda ake yawan gardama a kanta a tasha. Masu ruwan ɗorawa suna cewa tasu ce ke huda hazo. Faransa ta taɓa tilasta wa motocinta fitilu masu ruwan ɗorawa tun daga 1937, ba ta saki wannan doka ba sai 1993, kuma tsofaffin direbobin da suka yi zamani da motocin da ake shigowa da su ta Nijar da Kwatano ba su manta da su ba. Gaskiyar magana ita ce launin bai ƙara wa haske wani ikon ratsa hazo na a-zo-a-gani ba. Amfaninsa shi ne ya fi sauƙi a ido, na direban da na mai tahowa, fiye da farin nan mai shuɗi-shuɗi da ake yayi yanzu. Wurin da aka kafa fitila da inda ta fuskanta su ne kan gaba, launi yana baya.

Sauran fitilun da ake sayarwa da sunan na hazo, yawancinsu ba su ba ne. Akwai mai dogon zango, siririya mai harbi nesa, wadda take da amfani ga mai tafiyar dare a hanyar daji inda ba kowa. Ita ana haɗa ta ne da dogon haske, yadda da an koma dim za ta mutu tare da shi. Akwai kuma sandar LED da 'yan murabba'ai masu watsa haske ko'ina, waɗanda asalinsu na aikin gona da ma'adinai da wuraren gini ne. Waɗannan ba su da datsi ko kaɗan, sama da ƙasa duk ɗaya ne a wurinsu, kuma ba su da wurin zama a titin da mutane ke bi. Haka nan cusa ƙwan LED cikin gidan fitilar da aka yi domin halojin yakan tarwatsa hasken, domin madubin ciki an auna shi ne da siririn zaren ƙwan asali. A lissafa: mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. In haske ya ɗauke wa direbanta gani na daƙiƙa uku kacal, ya yi tafiyar mita 66 a makance, kuma wanda ya makantar da shi ɗin yake dosa.

Aikin mai waya

Ko an sayi fitilar kirki, saura ɗaurawa, kuma a nan ne motoci suke ƙonewa. Mai gyaran wayar mota, wanda ake kira rewaya, idan na gaggawa ne, abin da zai yi shi ne ya feɗe wayar ƙaramar fitila ko ta dim, ya murɗa sabuwar a kai, ya naɗe da salatif ko ma leda, ya karɓi kuɗinsa. Fitila ta kama, kowa ya yi murna. Amma ƙwan halojin na hazo mai wat 55 yana jan wajen amfiya 4 da rabi a batir mai bolt 12, biyu kuma sun haura amfiya 9. Siririyar wayar da aka yi domin ƙananan ƙwayaye, da makunnin da ke jikin sitiyari, ba a yi su domin wannan kaya ba. Za su yi ta ɗumi, robar ta yi laushi, wata rana ta narke. Wanda ya jera manya huɗu masu wat 100 kowace, yana neman amfiya 33 ke nan daga altanetar da aka auna wa ɗan inji 660 cc. Ga waifa, ga fanka, ga rediyo. Sai batir ya riƙa ramawa daga jikinsa, a wayi gari ana turin mota a Area 1 ana zagin mai batir, alhali ba shi da laifi.

Aikin ƙwarai ba shi da wuya, kuma kayansa ba su kai kuɗin fitilar ba. Ana jawo sabuwar waya mai kauri daga kan batir kai tsaye, a sa mata fiyus tun ba ta yi nisan taƙi ɗaya ko biyu ba; mai amfiya 15 ya isa fitilu biyu masu wat 55. Dalilin kusantar da shi kuwa, duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai tsaronta, in ta goge ta taɓa ƙarfe wuta ce. Daga fiyus sai rile, ɗan akwatin nan mai ƙafa huɗu da lambobi a gindinsa: 30 tana karɓar wuta daga batir, 87 tana kai wa fitilu, 85 da 86 su ne na ɗan maganaɗisun da ke buɗewa da rufewa. Makunnin da ke gaban direba wannan maganaɗisun kaɗai yake motsawa, da 'yar wutar da ba ta taka kara ta karya ba, nauyin kuma ya bi ta rile. Idan aka ɗauko wutar makunnin daga layin ƙananan fitilu, to fitilar hazo ba za ta kama ba sai an kunna su, kuma da an kashe su ta mutu. Makunnin ya zama mai ɗan haske, don direba ya san tana kunne.

Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Wannan ya fi zama wajibi a irin waɗannan motoci, domin injinsu a ƙarƙashin kujerar direba yake, wayar kuwa tilas ta bi kusa da zafi da tiyon mai, hanyoyin Durumi kuma ba su bar komai ya zauna lafiya ba. Wayar da ke komawa jikin mota a ɗaure ta da noti a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa. Kada a kafa fitilu a bakin ragar da iska ke shiga lagireto. Kada kuma, ko da wasa, a maye gurbin fiyus da ya ƙone da zaren waya ko takardar kwalin taba, al'adar da ta daɗe a gareji. Fiyus da ya ƙone saƙo ne ya kawo, kamata ya yi a nemi inda ciwon yake.

Akwai wata fitilar da ba a cika tambayarta a kasuwa ba, ga shi kuwa ta fi sauran amfani ga ƙaramar mota mai tafiya a hankali da lodi. Ita ce jar fitilar hazo ta baya. Ƙwanta mai wat 21 ne, na fitilar baya ta kullum kuwa 5 ne, kuma a ƙasashen Turai ba a sayar da sabuwar mota sai da ita. Mai a-kori-kura da ke rarrafawa a hanyar Zuba da asuba, haɗarinsa mafi girma yana bayansa, tirela ko babbar bas da ba ta gan shi ba sai da ta iso. Mutum zai kashe kuɗi a goshin mota, a baya kuwa ƙwai ɗaya ne ke aiki, shi ma murfinsa ya fashe an liƙe da jar leda. Ita ma jar fitilar sai cikin hazo ko ruwa mai ƙarfi ake kunna ta, in ba haka ba ta dami na baya, ta kuma ɓoye hasken birki.

Wajen hukuma, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana da laifin fitila cikin jerin laifuffukan da take kama direbobi a kansu. Fitilu masu walƙiya shuɗi da ja kuwa na 'yan sanda ne da motocin asibiti da na kashe gobara, ba kayan ado ba ne. Amma jami'i da rana ya fi tsayawa a hanya, lokacin da fitilar ke kashe, kuma ba ya yawo da bango a aljihu. Shugabannin tasha da masu ba da motoci haya, waɗanda suke ganin motocin kullum da asuba, su suka fi kowa damar cewa a sauke wannan, a gyara wancan.

Saitin kansa aikin minti goma ne. A sami fili mai daidai da bango, a ɗora wa motar irin lodin da ta saba ɗauka, domin nauyi a baya yana ɗaga hancinta sama, fitilun ma su ɗaga. A tsayar da ita ƙafa 25 daga bangon, watau mita 7 da rabi. A auna tsayin tsakiyar fitilar hazon daga ƙasa, a ja layi da alli ko gawayi a bangon daidai wannan tsayi, a sake jan wani inci 4 a ƙarƙashinsa, kimanin santimita 10. Saman hasken kada ya wuce layin ƙasa. In fitilar ba ta da wani sama da za a iya nunawa, haske ne kawai ya watsu har kan rufin maƙwabta, to ba ta hazo ba ce, a mayar wa mai ita. Bayan an ɗaure, sai yaron mota ya taka kamar taku talatin gaba, ya juyo, ya tsuguna daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota ko ɗan firamare mai tsallaka titi. In ya runtse ido ko ya kare da hannu, a kwance notin a sake sunkuyar da ita.